Neman taimako kan wani zancen Sifaniyanci da ya kakare min

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina fassara wata hira daga Sifaniyanci zuwa Turanci, wadda aka yi da wata dattijuwa a birnin Seville da ke kudancin Sifaniya, sai wani zance ya tsaya min a wuya kwana biyu ke nan.

Tana ba da labarin ɗan ƙanwarta, wanda ya ce kaf unguwarsu ba mai iya girki kamarsa. Sai ta yi dariya ta ce: "Este chico no tiene abuela." Manhajar fassara ta ba ni "wannan yaron ba shi da kaka". To amma kakar tasa tana raye, har an ambace ta a farkon hirar.

Da na bincika sai na ga ana faɗa wa mai yabon kansa haka. Wato kaka ce aka sani da kuranta jika, wanda ba shi da ita kuwa sai ya kuranta kansa. Mu ma ai mun san yadda kaka take ji da jikanta.

Matsalata ita ce Turancin. "Blow his own trumpet" ya kamo ma'anar, amma kakar ta ɓace, ita ce kuwa gishirin maganar. "Full of himself" kuma ya yi min tsauri, domin matar nan cikin ƙauna ta faɗa, ba da gatse ba.

Don Allah wanda ya zauna a Sifaniya ya faɗa min: tsokana ce zalla, ko takan zama baƙar magana? Kuma wane Turanci ne zai riƙe taushin muryarta? Ranar Alhamis zan miƙa aikin.