Muhawara: Kuskure ne Musulman Michigan suka yi da suka ƙi Harris?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina, Musulmi da Larabawan Michigan da suka juya wa Kamala Harris baya a zaɓen Nuwamba 2024 sun cuci kansu, sun cuci sauranmu da ke zaune a Amurka. A Dearborn, birni mai yawan Larabawa a jihar Michigan, inda Biden ya samu kusan kashi 69 a 2020, Trump ne ya zo na ɗaya da kusan kashi 42, Harris 36, Jill Stein ta jam'iyyar Green 18. Wata huɗu bayan nan, ranar 8 ga Maris 2025, jami'an shige da fice suka kama Mahmoud Khalil saboda zanga-zangar Gaza a Jami'ar Columbia. Yana da takardar zama ta dindindin, matarsa 'yar ƙasa ce, ga ta da tsohon ciki. Ya shafe fiye da wata uku a tsare a Louisiana ba tare da an tuhume shi da wani laifi ba, har aka haifi ɗansa ba ya nan. Mutane sun bi zafin zuciya, ga abin da ya haifar.

Maman Safiyya: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, kai a New York kake, ni a nan kusa da Detroit nake, kuma ina cikin waɗanda kake magana a kansu, don Stein na jefa wa ƙuri'ata. Ba zafin zuciya ba ne. A zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Democrat a Fabrairu 2024 mutum sama da 100,000 a Michigan suka fita cikin sanyi suka dangwala cewa ba su tare da kowane ɗan takara, don dai jam'iyya ta ji kukansu tun da sauran lokaci. Me aka yi musu? A babban taron jam'iyya a Chicago a watan Agusta sun roƙa a ba Bafalasɗine ɗan Amurka ko da 'yan mintoci ya yi magana, aka hana. Makamai kuwa ba a daina aikawa ba, gwamnatin Biden kuma ta sha hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu kan ƙudurorin tsagaita wuta a Gaza. Maƙwabciyata 'yar kudancin Labanon ce, ta rasa dangi a watan Oktoban nan, ana saura makonni zaɓe. Da wane baki zan ce mata ta daure ta zaɓi mataimakiyar wanda ya aika bama-baman?

Baban Khalifa: Allah ya jiƙan su, Hajiya. Ba na raina wannan raɗaɗin. Amma shi Trump da ya hau ɗin, a Fabrairu 2025 ya tsaya kusa da Netanyahu ya ce Amurka za ta karɓe Gaza, a kwashe mutanenta zuwa wasu ƙasashe. Ina ribar?

Maman Safiyya: Ban zaɓe shi ba, ban kuma taɓa gaskata shi ba. Kuma ka yi lissafi. Trump ya ci Michigan da tazarar ƙuri'a kusan 80,000, duk abin da Stein ta samu a jihar bai kai 50,000 ba. Ko da an ba Harris Michigan ɗin kyauta, wakilan zaɓen shugaban ƙasa 15 ne, shi kuwa 312 ya samu, ita 226. Ba mu muka kayar da ita ba. Amma kullum mu ake nunawa da yatsa, ba a tambayar miliyoyin da suka zauna a gida ko suka sauya sheƙa a Pennsylvania da Georgia da Arizona.

Barista: Ku bari in sa baki ta ɓangaren doka, don nan ne nake ganin maganar Yaya Baban Khalifa ta yi rauni. Yana magana kamar akwai jam'iyya ɗaya mai tsaron 'yancin jama'a, ɗaya kuma mai take shi. Tarihi bai nuna haka ba. Dokar Patriot ta faɗaɗa ikon leƙen asiri da Bush ya sa wa hannu ranar 26 ga Oktoba 2001 ta wuce a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 98 da 1. Mutum ɗaya tak, Russ Feingold na Wisconsin, ya ce a'a. Obama ya sa hannu a Janairu 2009 cewa za a rufe Guantanamo cikin shekara guda, ya sauka yana buɗe. A zamaninsa ne, a 2011, jirgi maras matuƙi ya kashe Anwar al-Awlaki a Yaman, malami ɗan ƙasar Amurka da ake zargi da alaƙa da al-Ƙa'ida, ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, bayan mako biyu kuma aka kashe ɗansa ɗan shekara 16. A zamaninsa ne Edward Snowden ya fallasa a 2013 cewa ana tattara bayanan kiran wayar miliyoyin Amurkawa. Ku ƙi ra'ayin Awlaki yadda kuka ga dama, ni ma na ƙi shi, amma tambayar ita ce wa ya ba shugaban ƙasa ikon yanke wa ɗan ƙasa hukuncin kisa shi kaɗai.

Kuma ita kanta dokar da aka riƙe Khalil da ita ba Trump ya ƙirƙiro ta ba. Dokar shige da fice ce ta 1952, wadda 'yan Democrat biyu, McCarran da Walter, suka kawo. Shugaba Truman ya ƙi sa hannu, majalisa ta tsallake shi. Ta ba sakataren harkokin waje damar cewa zaman wane a ƙasar nan yana cutar da manufofinmu na waje. Shekara da shekaru tana nan a ajiye, gwamnatoci na zuwa suna wucewa, babu wanda ya cire ta. Wuƙa ce aka wasa aka bari a kan tabarma, kowa na cewa ai ni ba zan yanka kowa da ita ba.

Baban Khalifa: Barista, duk abin da ka lissafa gaskiya ne. Amma wanda ya bar wuƙa a ajiye da wanda ya ɗauka ya yanka ba ɗaya ba ne. Ranar 27 ga Janairu 2017, mako guda da hawansa na farko, Trump ya hana 'yan ƙasashe bakwai shigowa: Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya, Yaman. A Satumba ya ƙara Chadi. A Janairu 2020 ya sa Najeriya, aka daina ba mu bizar ƙaura. Ni a lokacin takardun mahaifiyata suna kan hanya, komai ya tsaya cik. Biden ya soke dokar a ranar farko da ya shiga ofis. A Yuni 2025 kuma ga ta ta dawo, ƙasashe 12, har da Chadi da Sudan. Idan wani ya ce mini duk ɗaya ne, sai in ce bai taɓa jiran biza ga uwarsa ba.

Kawu Alhaji: Yarana, ni na riga ku zuwa ƙasar nan, kuma na ga wannan sauyin sheƙar da idona. A 2000 manyan ƙungiyoyin Musulmi Bush suka mara wa baya, saboda a muhawararsa da Gore ya fito ya soki tsare Larabawa da shaidar sirri wadda ko lauyansu ba ya gani. Muka ce ga mai jin kukanmu. Bayan shekara guda aka yi 11 ga Satumba, sai ga dokar Patriot, sai ga rajistar dole ga maza daga ƙasashen Musulmi, sai ga yaƙin Iraƙi. Muka ruga wajen Democrat baki ɗaya, muka zauna shekara ashirin, har suka ɗauka ba mu da wurin zuwa.

Sai dai akwai abin da ba ku faɗa ba, kuma ku daina ɓoye shi. Ba Gaza kaɗai ba ce. Tun 2022 iyaye a Dearborn suke cika zauren taron hukumar makarantu kan littattafan da ake ba yaransu. A Hamtramck, majalisar gari wadda duk Musulmi ne ta hana ɗaga tutar masu auren jinsi a kan gine-ginen gwamnati a 2023, magajin garin na lokacin Amer Ghalib kuma ya fito ya goyi bayan Trump. A Maryland iyaye Musulmi da Kirista suka kai ƙara don a bar su su cire yaransu daga darussan da suka shafi auren jinsi, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a Yuni 2025, alƙalai 6 da 3, kuma shidan nan shugabannin Republican ne suka naɗa su. Ga uba irina, wannan ma 'yanci ne. Kowa da 'yancin da yake jin an taɓa masa.

Direban Columbus: Allah ya ƙara girma, Kawu. Ni ma in ƙara nawa. Cikin fasinjojina da abokan aikina, da wuya ka ji mai zancen leƙen asiri ko kotu. Zancen kuɗin haya ne da kayan miya da mai. A Yuni 2022 galan ɗin fetur ya haura dala 5, hauhawar farashi ta kai kashi 9.1. Wanda yake kwana a kan sitiyari bai manta wannan ba ranar zaɓe. Ba wai na ce ya yi daidai ba, amma haka mutane suke zaɓe.

Ɗaliba a Boston: Iyayena da yayyena, ni ba ni da ƙuri'a, bizar karatu ce da ni, amma sakamakon ƙuri'arku a kaina yake sauka. Rumeysa Ozturk 'yar Turkiyya ce mai digiri na uku a Jami'ar Tufts, nan kusa da mu. A Maris 2025 jami'ai cikin farin kaya, wasu da fuska a rufe, suka tare ta a kan titi tana hanyar zuwa buɗe-baki. Abin da aka iya nunawa a kanta shi ne wani sharhi da ta sa hannu a jaridar ɗalibai. Sai a watan Mayu alƙali ya sa aka sake ta. Tun daga ranar na goge abubuwa da yawa a shafina, ko a aji sai na auna kalma kafin in furta. Anti Maman Safiyya, ina girmama dalilinki, wallahi. Amma a 2024 ba na jin irin wannan tsoron.

Maman Safiyya: 'Yata, na ji ki, kuma abin ya taɓa ni. Amma ki tuna a Afrilu 2024 'yan sandan New York sun kwashe ɗalibai fiye da 100 a Columbia a rana ɗaya, magajin gari ɗan Democrat, shugaban ƙasa ɗan Democrat. A Nuwamba 2023 Majalisar Wakilai ta tsawata wa Rashida Tlaib, 'yar asalin Falasɗinu ɗaya tilo a cikinta, kuma 'yan jam'iyyarta 22 suka sa hannu a ciki. Tun lokacin aka fara koya wa jama'a cewa wannan maganar laifi ce.

Ɗaliba a Boston: Gaskiya ne, Anti. Sai dai waɗancan an sake su sun koma gida. Irina kuwa jirgi za a sa mu.

Barista: Wannan bambancin na gaske ne, ban musa ba. Abin da nake so ku lura da shi shi ne inda layin yake ratsawa. A Afrilu 2024 aka kawo gyara a Majalisar Wakilai cewa kafin jami'an tsaro su bincika saƙonnin Amurkawa da aka tara ƙarƙashin sashe na 702 na dokar leƙen asirin ƙasashen waje, sai sun samo izinin alƙali. Ƙuri'a ta tashi 212 da 212, gyaran ya faɗi. Masu goyon baya sun haɗa da 'yan Republican masu tsattsauran ra'ayi da 'yan Democrat na ɓangaren hagu, fadar Biden kuma ta yi ta kiran waya don a kayar da shi. Mutum ɗaya da ya sauya, da an samu. Mu nawa ne a nan muka san yadda wakilin gundumarmu ya jefa tasa a ranar?

Maman Safiyya: Baban Khalifa, tambaya ɗaya nake son ka amsa mini tsakaninka da Allah. Wane abu ne Democrat za su aikata da zai sa ka hana su ƙuri'arka? In babu, to me zai sa su saurare ka?

Baban Khalifa: Akwai, Hajiya. Ranar da suka tsayar da wanda zai rubuta sunan ƙasata ko addinina a takardar hana shiga, ko ya sa a ɗauke yarinya a titi saboda rubutun jarida, ranar na bar su. Kafin nan zan yi faɗa da su a zaɓen fidda gwani kamar yadda kuka yi a Fabrairu, kuma a wannan ina tare da ku ɗari bisa ɗari. A Nuwamba ne muka rabu.

Maman Safiyya: To ni nawa layin an riga an tsallake shi tun kafin Nuwamba, a Gaza da Labanon, da kuɗin harajina. Idan 2028 ta zo suka kawo wanda zai ce ba makami sai an bi doka, ni ce ta farko a layi. In ba haka ba, ba za su ga ƙuri'ata ba.