Adda ko barandami? Ina son yin sassabe kafin ruwa ya sauka

Sani Rano: Salam jama'a. Na samu aron gonar kawuna, ta daɗe ba a noma ta ba, sabara da kalgo sun cinye ta. Me zan saya ne, adda ko barandami?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Sabara ai adda ta ishe ka. Kalgon ne in ya yi kauri sai da gatari.

Isiyaku: Ka nemi adda mai tambarin kada, amma ka duba da kyau, jabu sun cika kasuwa

Baba Ɗanjuma: Yaro ba wajen sayen ake asara ba, wajen wasawa ne. Bara na ba wani mai injin wasa addata, ya danna ta a giranda har bakin ya koma shuɗi, ina tsaye ina ce masa ya tsoma a ruwa yana ce min ya san aikinsa. Wallahi daga ranar ba ta sake riƙe kaifi ba, sara kaɗan a ɗanyen kalgo sai bakin ya lanƙwashe, ƙarfen ya riga ya ƙone. Ka samu magagari da dutsen wasa ka zauna ka yi da hannunka, kuma kar ka sirantar da bakin kamar aska, ta sassabe tana son ɗan kauri don za ta haɗu da tsakuwa. In ka tashi aiki ka goge ruwan icen nan, shi ke jawo tsatsa, ka shafa baƙin mai.

Sani Rano: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma

Murtala: ni dai ta maƙera, wadda suke ƙerawa da sifirin mota. tana da nauyi amma ita ke yi maka rabin aikin

Isiyaku: Nauyin nan ne zai kashe masa kafaɗa kafin azahar, mutumin da bai saba ba

Murtala: kai ka taɓa riƙe ta ne ko labari kake ji?

Malam Habu: Ku bari mana. Gatarin kuma ka sa a yi maka ƙota da marke ko aduwa, busasshe. Ɗanye in ya bushe sai ƙarfen ya dinga girgiɗi, ran da ya fice sai dai Allah ya kiyaye.

Laouali Maradi: Ɗan uwa don Allah kar ka share komai. Mu nan in kututture ya yi toho sai mu bar biyu ko uku masu ƙarfi mu datse sauran, gawo kuwa ba a taɓa shi, ganyensa taki ne kuma da damina ba ya yi wa gero inuwa.

Baba Ɗanjuma: Gaskiya ne wannan. Ka kuma sa takalmin roba, kalgo maɓoyar maciji ce.

Sani Rano: To barandamin fa, in bar shi kenan?

Murtala: Isiyaku ina jiran amsarka