Na biya kuɗin albam amma na kasa saukewa, a taimaka

Salamu alaikum jama'a, don Allah masu amfani da manhajar karanta allo ku kawo ɗauki, abin nan ya tsaya min a wuya.

Ni makaho ne, NVDA, manhajar da ke karanta min allo da murya, nake amfani da ita a kwamfuta. Na ce bari in riƙa sayen waƙa ta halal tunda mawaƙin ma guminsa ne. To neman albam ɗin bai ba ni wahala ba, amma ina shiga shafin da ake sayar da shi a intanet sai ɗanɗanon waƙar ya kunna kansa da ƙarfi ya danne muryar NVDA, ga maɓallan duk ba suna, "botin, botin" kawai take ta ce min, da lalube dai na kai wajen biya har kuɗi ya fita, risit ya shigo imel.

Yanzu inda na maƙale shi ne wajen zaɓen nau'in fayil ɗin waƙar, MP3 ko FLAC, kafin a sauke. Akwatin zaɓin sam baya jin kibod. Na danna Insert da Space na canza yanayi, na bi da Tab, na buɗe jerin abubuwa da Insert da F7, babu shi a ciki. Na koma Firefox daga Chrome, duk ɗaya. Kuma gaskiya bana son miƙa wa mai ido akawun ɗina, katina na ciki.

Akwai dabarar sa NVDA ta danna shi kamar da linzami? Sannan ya ake gane fayil ba shi da DRM, wato kullen da ke hana kwafar fayil, tun kafin a biya? So nake in kwafa a ƙaramar na'urata mai maɓallai.