Wa ke jagorantar matasan ƙauye?

Anti Malama: Salamu alaikum. Jama'a, yau raina a ɓace yake. An yi taron manoma a ƙaramar hukumarmu, aka jera maza a kujerun gaba, 'yan matan garinmu ko gayyata ba a yi musu ba. Alhali su ne suka bi gida-gida suna koya wa mata ajiye wake a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ƙwari ke mutuwa a cikinsa don rashin iska, ba sai an barbaɗa magani ba. Su ne kuma ke tara 'yan uwansu duk Alhamis bayan la'asar. Mai damuwa ta amayar da abin da ke cinta, mai jegon da barci ya ƙaurace wa a saurare ta, wadda abin ya tsananta a raka ta asibiti. Yaran nan ke jagorantar matasanmu, amma an mai da su kamar ba a san da su ba.

Ɗan Zaure: Jagoranta fa kika ce, Anti? A rage gishiri. Taimako suke yi, Allah ya saka musu.

Malam Na Bakin Kasuwa: Gari da dagaci da liman, a ce 'yar shekara ashirin ce jagora? Jagoranci amana ce mai nauyi, ba a raba shi a waya.

'Yar Samaru: Allah gafarta Malam, Nana Asma'u 'yar Shehu da ta kafa 'Yan Taru, me ake kiran matan da take turawa ƙauyuka su karantar? Jaji. Har malfa take ɗora musu. Jaji kuwa ai shi ke gaban ayari.

Malam Na Bakin Kasuwa: Yarinya, kada ki haɗa Nana da masu yawo da wayar shafa. Jajin nan dattijai ne masu kamun kai.

Basakkwace: Kowa ya rasa hujja sai ya ruga Sakkwato aro. Ku bar mana Nanarmu.

'Yar Samaru: Taku ku kaɗai? Waƙoƙinta har da Hausa ta yi su, Yaya.

Nas Mai Dare: Don Allah ku dawo kan magana. A asibiti nake, ina ganin yadda ake kawo yara sai bayan an gama ɗaure su a gida ana cewa iska ce. Tun 2018 aka hana maganin tari mai kodin, amma shaye-shaye bai bar ƙauyuka ba. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Wa ya kai labarinta ƙauye? Mutum ya taso daga rugarsu zuwa asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko Kware ko Barnawa, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana shi. Wadda ta gane alamar ciwon da wuri ta yi babban aiki.

Ɗan Zaure: Wato ruƙiyya ba magani ba ce ke nan?

Nas Mai Dare: Ina na faɗi haka? A yi addu'a, a je asibiti.

Alhaji Mai Hatsi: Ni buhun nan nake magana. Aikin cibiyar binciken noma ta Samaru ne, 'yan matan tallarsa kawai suka yi.

'Yar Samaru: Baba Alhaji, ni 'yar Samaru ce amma ba zan ci haƙƙin wani ba. Daga jami'ar Purdue ta Amurka ya fito. Samaru irin wake na SAMPEA da masarar SAMMAZ ta fitar.

Alhaji Mai Hatsi: Shekara nawa ina harkar wake kafin a haife ki?

Hajiya Uwar Gida: Alhaji, shagonka ai maganin ƙwari ake sayarwa, dole buhun ya tsone maka ido.

Alhaji Mai Hatsi: Hajiya, ki janye wannan ƙazafin ko na fita daga zauren nan.

Anti Malama: Ni dai gayyata na ce ba a yi musu ba. Har yanzu ba wanda ya taɓo wannan.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka, na rufe. Abin da na fahimta: kowa ya yarda yaran suna ƙoƙari, kuma mafi yawa sun tafi a kan cewa kalmar jagoranci ta yi girma, kamar yadda Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Ƙanwata 'Yar Samaru, ki riƙa sassauta harshe gaban manya. Hajiya ta ba Alhaji haƙuri ta waya.