Kundina ya tsaya cak a babi na ɗaya, ina mafita?

Ɗan Maigatari:
Assalamu alaikum malamai. Ina ajin ƙarshe na NCE, an amince mini da take: "Matsalolin ilimin firamare a Jihar Jigawa." Mako uku ke nan, in na buɗe littafi sai kai ya ɗauke wuta. In rubuta layi biyu, in karanta, in soke. Ga aikin gona, ga waya sai an kai caji shago. Lalaci ne, ko akwai abin da ban gane ba?

Malami mai duba kundi, Gumel:
Wa alaikumus salam. Ba lalaci ba ne, taken ne ya fi ƙarfin alƙalaminka. Ƙananan hukumomi 27 ne a Jigawa. Wace makaranta za ka ɗauka, wace matsala? Alƙalami ba ya tafiya sai ya san inda za shi.

Koma wurin malaminka ka roƙi a matse taken har ya zama abin da za ka iya ƙirgawa da hannunka. Tunda a Maigatari kake, ga misali: yadda kasuwar Alhamis ke shafar zuwan yara makaranta a firamare uku. Ka nemi izinin hedimasta, ka ɗauki rajistar aji huɗu zuwa shida ta zango guda, ka ƙirga waɗanda suka yi fashi kowace Alhamis, ka kwatanta da Litinin da Talata. Ka tambayi malamai shida da iyaye goma. Ka ga yanzu kana da abin faɗa.

Sannan ka daina kokawa da babi na ɗaya. Sunansa gabatarwa, to me za ka gabatar alhali aikin bai samu ba? Fara da babi na uku, hanyoyin gudanar da bincike, don labarin abin da za ka yi ne kawai: ina za ka, wa za ka tambaya, mutum nawa, da wace takardar tambayoyi. Abin da kawai ake buƙata daga babi na ɗaya tun farko shi ne manufar bincike da tambayoyi uku. Rubuta su a takarda ɗaya ka manna a bangon ɗaki. Shimfiɗar ta jira.

Malamar Turanci, Birnin Kudu:
Abin da Malam ya faɗa haka yake. Zan tsaya a kan "in rubuta, in soke", don nan cutar take. Ɗana, aiki uku kake yi lokaci guda: kana neman abin faɗa, kana juya shi zuwa Turanci, kana kuma yi wa kanka maki da jan biro. Tun sakandare ake shuka wannan tsoron. A insha'in Turanci na WAEC, kalmomi kusan 450, maki 50 ne: 10 na ƙumshiya, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Yaro sai ya tashi yana gadin goman nan ta ƙarshe, ya bar arba'in a baya. "Da muguwar rawa gara ƙin tashi" ba ta aiki a nan. Muguwar rawar ake gyarawa, farar takarda ba ta gyaruwa.

Raba ayyukan. Bayan sallar Asuba, kafin a fita gona, minti 25 kana rubutu ba sokewa. Kalma ta ɓace maka, sa ta Hausa ka ja mata layi ka wuce. Ba ka tuna shekara ba, bar gurbi. Gyara sai washegari da yamma, kuma da karatu a bayyane, kunne ya fi ido kama jimlar da ta karye. Shafi ɗaya da aka buga da tazarar layi biyu bai wuce kalmomi 250 zuwa 300 ba. Shafi guda kullum, babi mai shafi goma kwana goma ne.

Mai buga takardu, Ringim:
Malama, in ƙara ɗaya. Wanda bakinsa ya fi hannunsa gudu, ya ɗauki muryarsa a waya minti biyar yana yi wa ƙaninsa bayanin aikin da Hausa, sannan ya saurara ya fassara.

Kuma a rubuta a littafi tukuna, ba a waya ba. Caji ya ƙare, aiki ya tsaya. In an kawo bugu, a tura wa kai kwafi ta imel ko WhatsApp a ranar, filashin da ke yawo kwamfuta zuwa kwamfuta ba abin dogaro ba ne.

Malamar Turanci, Birnin Kudu:
Ɗaukar murya na yarda da ita, fassarar ce ban yarda ba. In ya bi maganarsa jimla bayan jimla, Turancin zai fito da ƙashin Hausa, dogayen jimloli da "and" sau biyar a layi uku. Ya saurara, ya fitar da batutuwa huɗu ko biyar da Hausa, kowanne kalma uku zuwa biyar, ya kashe wayar, sannan ya gina kowane batu da gajerun jimlolin Turanci kai tsaye. Batu ɗaya, sakin layi ɗaya.

Malami mai duba kundi, Gumel:
Saura babi na biyu, bitar abin da wasu suka rubuta a kan batun, inda ɗalibai suka fi faɗawa kwafe. Kowane littafi ko maƙala ka ba shi rabin takarda: sunan marubuci, shekara, shafi, sai abin da ya ce a layi biyu da kalmominka, littafin yana rufe. In takardun sun kai goma sha biyu, baje su a tabarma ka tara masu magana ɗaya wuri guda. Kowane tari shi ne ƙaramin kanu. Wanda bai shiga ko'ina ba, ajiye shi gefe, ko da shi ka fi wahalar samowa.

Ɗan Maigatari:
Allah ya saka da alheri, malamai. Ranar Litinin zan je kan maganar take. Tambaya ɗaya: in rajistar wata makarantar tana da makonnin da ba a cike ba, in bar makarantar ne ko in yi aiki da abin da na samu?

Malami mai duba kundi, Gumel:
Mako ɗaya ko biyu ne, yi aiki da sauran, ka faɗi haka ƙarara a babi na uku. In ya kai rabin zango, sauya makaranta. Kada dai ka cike gurbin da ka.