Waɗanda suka kalli Godzilla Minus One: ya kuka ji, kuma ya na kusa da ku suka yi?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum. Daren Juma'a na kunna wa ƙannena wannan fim na Japan a Netflix, da niyyar mu sha dariyar dodo yana tattake motoci. Wallahi kafin a kai rabi ɗakin ya yi tsit. Ƙanwata da ta zo da gyaɗa tana tsokanarmu, ita ce ta fara jan hanci. Ni na zata mu kaɗai abin ya kama. Wanda ya kalla ya ba mu labari, musamman wanda ya gani a silima. Wanda bai kalla ba ya tsaya nan, don za a fasa ƙwai.

Baƙon Osaka: Wa alaikumus salam, Yaya. Ni na gani a nan Osaka a makon da ya fito, cikin Nuwamban 2023. Ranar 3 ga wata kamfanin Toho ya sake shi, ranar da Godzilla na farko ya fito a 1954. Babu fassara a ƙasan allo, kuma Japanancina a lokacin na sayen shinkafa ne kawai, don haka fuskokin mutane na riƙa karantawa.

Mutanen nan ba sa magana a silima, ko tari sai mutum ya danne. Amma shirun ma iri-iri ne. Da aka zo wurin da dodon ya shiga unguwar Ginza ta Tokyo, lokacin da ƙayoyin bayan dodon suka fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya da shuɗin haske, ya fesa wutar nan, hayaƙi ya tashi kamar lema, sai baƙin ruwan sama ya fara zuba a kan jarumin fim ɗin, Shikishima, yana kururuwa. Wani dattijo a gefena ya cire tabarau ya riƙe a hannu, bai mayar ba har aka wuce wurin. Daga baya abokin karatuna ya ce min irin wannan baƙin ruwan ne ya zubo a Hiroshima bayan bam ɗin 1945, kowane ɗan makaranta ya san shi. Ni ina kallon gwanintar kwamfuta, su suna kallon abin da kakanninsu suka ba su labari. Da fim ya ƙare babu wanda ya motsa sai da sunaye suka gama wucewa aka kunna fitila. Ni da na miƙe tun farko, na koma na zauna da kunya.

Direban Manchesta: Ka ga bambanci. A nan Ingila a watan Disamba muka gani, kuma da tsohon kiɗan Godzilla ɗin nan na Akira Ifukube ya tashi, wasu samari a bayana har da buga ƙafa. Da ƙananan jiragen ruwa na jan kaya suka ɓullo don taimako a ƙarshe, aka yi tafi. Matata ta raka ni ne bisa dole, ta ce in dodo ne ai muna da shi a tatsuniya. Ita ce ta fito da jajayen idanu.

Maman Biyu: Ni dai ƙorafi na kawo. Yarana sun zauna suna jiran dambe irin na Godzilla da birin nan na Amurka, sai ga mutum yana ta mafarkin tsoro yana kuka. Bayan minti arba'in ƙaramin ya ce, "Mama, dodon ya tafi gida ne?" ya yi barcinsa. Babban ya tsaya, amma wurin da dodon ke bin jirgin katakon nan a ruwa, kansa kawai a waje, sai da ya shige bayana. Ku daina cewa fim ɗin yara ne.

Malamin Tarihi: Hajiya, ai ko na 1954 ɗin ba na yara ba ne. A watan Maris na shekarar Amurka ta gwada bam a tsibiran Bikini, tokarsa ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, ɗaya daga cikinsu ya rasu bayan 'yan watanni, mutane suka ƙaurace wa kifi. Cikin wannan fargaba Ishiro Honda ya yi fim ɗinsa. Na yanzu ya koma baya ne zuwa 1945 har 1947, ƙasar tana ƙasa warwas sannan dodo ya zo ya ƙara mata. Abin da ya tsaya min shi ne jawabin Noda, tsohon injiniyan sojan ruwa a fim ɗin, inda ya soki gwamnatinsu kan yadda ta ɗauki ran soja ba a bakin komai ba, har jiragen yaƙi babu kujerar da ke cilla matuƙi waje ya tsira. Na tsayar da fim ɗin na maimaita wurin sau biyu, har uwargida ta ce in ba ta rimot.

Ɗan Yerwa: Malam, ni ba jawabin ne ya kama mu ba. Da Inna muka kalla, ba ta jin Turancin da ke ƙasa, ina fassara mata sama-sama. Ta ga saurayi da budurwa da jaririya, babu wanda ya haɗa jini da wani, sun haɗu a kango suna zaune gida ɗaya. Ta ga maƙwabciyar nan Sumiko da 'ya'yanta suka mutu a ruwan bama-bamai, ta fara da zagin saurayin don ya dawo daga yaƙi da rai, sannan ta kawo shinkafarta saboda jaririyar. Inna ta ce, "Wannan matar na san ta." Ba ta ƙara komai ba. Mu da muka ga yadda mutane suka cika Maiduguri da 'ya'yan da ba nasu ba, mun gane wa take nufi.

Ɗan Kurmi: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ɗan'uwa.

Mai Gyaran Waya: Amin. Ni a waya na kalla a shago, mutum biyar a kan allo ɗaya. Gardamarmu ɗaya ce: kuɗin da aka kashe. Na ce musu bai kai dala miliyan 15 ba, kuma mutum 35 ne suka yi aikin kwamfutar har suka ci lambar yabo ta Oska a 2024, wani ya rantse ƙarya nake yi. Amma ƙarshen bai yi min ba. Matar da iskar fashewa ta kwashe a gabanmu, a ce tana asibiti da bandeji? Wannan ai sai fim ɗin Indiya.

Baƙon Osaka: Maigida, koma ka duba wuyanta lokacin da ta rungume Shikishima. Akwai wani baƙin tabo da ke tasowa. A ƙaramin allo ba lallai ka lura ba.

Mai Gyaran Waya: To fa. Allon nan a fashe yake ta wajen. Bari in rufe shago in duba a talabijin ɗin maƙwabci.