Motata ta yi ƙasa, tana gogar tudun rage gudu: dabara zan koya ko gyara zan yi?

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin mota da ke nan. Na sayi Honda Accord ta 2008, 'yar Kwatano, kuma sai bayan da ta zo hannuna makanike ya nuna mini cewa wanda ya riƙe ta a Amurka ya cire sifirin ɗinta na asali, wato murɗaɗɗun ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota a saman tayoyi, ya sanya gajeru, domin motar ta kwanta ta yi kusa da ƙasa. A kan titi mai kyau ba ni da abin cewa, domin tana riƙe kwana sosai, amma a cikin unguwanninmu na Kano, inda kusan kowane layi yake da tudun rage gudu, da wuya in haye ɗaya ban ji ƙarar guga daga ƙarƙashi ba. Wani lokaci bamba ce take taɓawa tun kafin taya ta hau, wani lokaci kuma sai tayoyin gaba sun sauka nake jin ƙarar a tsakiyar mota, musamman idan na ɗauki iyali. Shin akwai hanyar tuƙi da za ta raba ni da wannan, ko kuwa dole sai na kashe kuɗi na ɗaga ta?

Direban Doguwar Hanya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Akwai dabara, kuma farkonta shi ne ka gama rage gudu tun da sauran tazara tsakaninka da tudun. Yawancin masu gogar bamba suna isowa ne da gudu, sannan su danne birki a daidai bakin tudun, alhali kuwa duk lokacin da aka taka birki da ƙarfi nauyin mota yana zubowa gaba, sifirin ɗin gaba su matse, hancin motar ya sunkuya. Ka ga ke nan a daidai lokacin da kake buƙatar tsawo, kai da kanka ka rage shi. Saboda haka ka rage gudu har ya koma kamar na mai tafiya a ƙasa, ka sassauta birki motar ta daidaita, sannan ka bar ta ta hau da kanta. Idan mai canja giya da kanta ce, jan da take yi ba tare da an taka totur ba ya kan isa.

Na biyu, kada ka tunkari tudun kai tsaye. Ka karkata sitiyari ka shige shi a kaikaice, ta yadda tayar gaba ɗaya za ta riga ɗaya hawa. Amfanin haka shi ne tayar tana isa tudun da wuri ta fara ɗaga motar kafin tsakiyar bamba ya iso, kuma a mafi yawan lokacin hayewar akwai wata taya a kan tudun da take tallafe da jikin motar. Sai dai ka duba madubi da kyau kafin ka karkace, domin masu adaidaita sahu da masu babur ba sa jiran kowa, kuma duk ratar da ka buɗe a gefenka wani zai cusa kai a ciki. Idan layin matsattse ne, ko akwai mota tana tahowa, ka haƙura ka jira ta wuce.

Injiniya Mai Ritaya ya amsa:

Abin da Malam Direba ya faɗa daidai ne, amma ina ganin ya warware rabin tambayar ne kawai, domin mai tambaya ya ambaci guga iri biyu, kuma dalilansu ba ɗaya ba ne. Gugar bamba tana da alaƙa da tsawon hancin motar da ya wuce tayar gaba, ita ce dabarar karkacewa take magancewa sosai. Gugar tsakiya kuwa lissafi ne kawai. Tsakanin tayar gaba da ta baya a wannan Accord ɗin mita 2.8 ne, yayin da tsohuwar Golf 3 ba ta kai mita 2.5 ba. Idan tudun siriri ne, kamar waɗanda mazauna unguwa suke zubawa da kankare don kare yaransu daga masu ganganci, to da zarar tayoyin gaba sun sauka, tudun gaba ɗayansa yana tsaye a ƙarƙashin cikin motar, tayoyi huɗu duk suna ƙasa. A wannan hali, in tsawon tudun ya fi ratar da ke tsakanin ƙasa da cikin motarka, sai ta goga, ko da turawa ake yi da hannu.

Ba haka ake gina tudun ba a wuraren da ake bin ƙa'ida. A Birtaniya doka ta hana tsawonsa ya wuce santimita 10, da yawa ma 7.5 ake yin su, kuma faɗin da mota take hawa ta sauka ya kan kai mita 3.7. Da yake wannan faɗi ya fi tazarar tayoyin yawancin ƙananan motoci, kafin tayar gaba ta gama sauka ta baya ta riga ta fara hawa, don haka cikin motar ba ya samun damar zama a kan ƙololuwar tudun. Namu na cikin layi ba wanda ya auna su. Mai bulo ne ko birkila ya zuba gwargwadon simintin da aka tara masa kuɗinsa, shi ya sa za ka tarar da biyu a layi guda kowanne da irin tsawonsa.

Shawarata ita ce kafin ka yanke hukunci ka ajiye motar a wuri mai shimfiɗa, ka sa awo ka gano wurin da ya fi kusa da ƙasa a ƙarƙashinta, sannan ka sake aunawa iyalinka suna ciki kuma tanki cike. Ƙananan motocin gida sukan fito daga kamfani da ratar santimita 13 zuwa 16, gajerun sifirin kuma sukan cinye 2.5 zuwa 5 daga ciki. Tankin motarka yana cin kimanin lita 70, wato sama da kilo 50 na fetur, nauyin buhun shinkafa guda ke nan a bayan mota tun kafin kowa ya shiga. Idan awon ya nuna maka santimita 10 ko ƙasa da haka da kaya a ciki, to ka je ka auna tudun da ya fi damunka a hanyar gida. Abin da dabarar tuƙi za ta iya ƙara maka kaɗan ne, ba za ta cike babban giɓi ba.

Akwai kuma wurin da na ɗan saɓa da Malam Direba. Sakin birki gaba ɗaya yana da kyau a wajen hawa, amma a wajen sauka nauyin motar yana fizgar ta, tayar ta faɗo, sifirin ya matse fiye da yadda yake a tsaye, cikin motar ya daki tudun. Gara a riƙe birki a hankali a sauko da tayar sannu, domin a irin wannan tafiyar hawainiya sunkuyawar da birki yake jawowa ba ta taka kara ta karya ba.

Direban Doguwar Hanya ya sake amsawa:

Na yarda da gyaran Yallaɓai Injiniya game da sauka. Abin da nake hani da shi shi ne danne birki da gudu, ba ɗora ƙafa a kansa ba.

Makanike daga Panteka ya amsa:

Ranka ya daɗe, ni ta ɓangaren abin da ake kawo mana gareji zan yi magana. Ba kowace guga ce abin tsoro ba. Idan robar ƙasan bamba ce ko murfin roba na ƙarƙashin inji, asararka ta kwalliya ce. Idan salansa ce take dukan tudu, a hankali za ta lotse, robobin da suke rataye da ita su tsinke, mahaɗinta ya fara fitar da hayaƙi, kuma tukunyar tace hayaƙi da ke jikinta tana da wani abu a ciki mai saurin farfashewa, ga shi da tsada. Wanda ya fi duka haɗari shi ne kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji. In ya tsage mai zai tsiyaye kana tafe ba ka sani ba, don haka duk ranar da ka ji duka mai ƙarfi ka tsaya ka leƙa, in kuma jar fitilar mai ta kama ka kashe inji nan take, kada ka ce bari in ƙarasa gida, domin tafiya kaɗan ba mai ta isa ta kashe inji.

Ka sa a duba maka shok-abzoba tukuna, wato abin da yake hana mota lilo a kan sifirin. Sau da yawa masu rage tsawon mota sifirin kawai suke canjawa su bar shok-abzoba na asali, shi kuma ba a ƙera shi don ya yi aiki a matse haka ba, sai ya mutu da wuri. Idan ya mutu motar ta kan yi ta lilo bayan ta sauka daga tudu, kuma wannan lilon shi ne yake kai cikinta ƙasa. Ka kuma tabbatar sifirin ɗin na kamfani ne gajeru, ba na asali aka yanke ba, domin yankakken sifirin yana iya zamewa daga mazauninsa. In ka yi sa'a irin wanda ake murzawa a ɗaga ko a sauke ne a jikinta, aikin bai wuce a murza a daidaita ba.

Wasu za su ce maka ka sa taya mai kauri. Gaskiya ne tana ƙara tsawo, amma ba yawa: in ka canja lambar girman taya daga 225/50R17 zuwa 225/55R17 abin da za ka samu bai fi santimita 1 da ɗan ɗoriya ba, agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunka da kusan kashi 3 cikin 100, kuma a motar da ta riga ta kwanta tayar tana iya gogar jikin mota idan ka karya sitiyari har ƙarshe. Cusa roba a tsakanin zoben sifirin ma ba na ba da shawararsa, domin yana sa mota ta yi tauri kuma ba ya daɗewa. Farantin ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙasan inji yana kare kasko, amma shi ma yana cin wani abu daga ratar da kake kuka da ita.

In da motata ce, kuma da ita nake ɗaukar iyali, sifirin na asali zan nema guda huɗu in mayar. Wannan samfurin Accord ya yi yawa a ƙasar nan, kayanta ba sa wahalar samu, kuma tunda kana Kano ka leƙa Ƙofar Ruwa tare da makanikenka. Ka tabbatar na injin da ke motarka ne, domin mai silinda 4 da mai silinda 6 nauyin gabansu ba ɗaya ba ne. Bayan an ɗaura a kai ta a yi mata alaimen, wato a daidaita saitin tayoyi, in ba haka ba tayoyin za su cinye ta gefe guda. Gajerun kuma kada ka yar, akwai samarin da suke neman irinsu.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na auna kamar yadda Yallaɓai Injiniya ya ce, kuma salansa ce ta fi kusa da ƙasa, har ga alamar guga a jikinta. Tudun bakin layinmu ya fi ratar tsawo tun ma ba kowa a motar. Malam Makanike, idan za a mayar da sifirin na asali, shin dole ne a canja shok-abzoba huɗun a lokaci guda, ko zan iya fara da na gaba biyu in bar na baya zuwa wani wata?